An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Garejin Dillalan Motocin Dizal

Motar ɗaukar kaya ƙirar Sprinter ta shigo garejin dillalin kamfani da hantsi, fitilar gargaɗi tana ci a gaban direba, injin kuma ya ƙi jan kaya a hawa. Aka jona mata na'urar bincike, na'urar ta fito da lamba P2463, wadda ma'anarta ita ce baƙin hayaki ya taru fiye da kima a matatar da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira DPF. Kafin azahar an miƙa wa mai motar takardar kuɗin sabuwar matata. Ya biya yana cizon yatsa, domin tana cikin kayan da suka fi tsada a jikin motar. Bayan 'yan makonni motar ta dawo da lambar nan tata. Duk wanda ya daɗe a garejin dizal, a Jamus yake ko a Ingila ko a Amurka, ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, matatar ta toshe da gaske. Tambayar da ba a yi ba ita ce: me ya toshe ta? An ƙera matatar ne ta riƙa kama baƙin hayaki, sannan lokaci zuwa lokaci injin ya ɗaga zafin salansa zuwa kusan digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Idan ta cika da wuri, ɗayan biyu ne: ko injin yana fitar da hayaki fiye da ƙa'ida, ko ƙonawar ba ta faruwa. Tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa injin zai iya tsagewa tsaga mai tsawon ɗan yatsa, iska ta ragu, mai ya kasa ƙonewa sosai, hayaki ya ninka. Bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaki cikin injin, zai iya maƙalewa a buɗe. Tamostat zai iya lalacewa injin ya kasa ɗaukar zafi, kwamfutar motar kuwa ba ta fara ƙonawa sai injin ya yi zafi. Mai yiwuwa ma motar tana yawon raba kaya ne cikin unguwanni, tana tsayawa kowane minti biyar, ba ta taɓa samun doguwar tafiyar da ƙonawa za ta kammala ba. Akwai kuma inda matatar lafiyarta ƙalau, ɗan siririn bututun da ke kai wa sensa labarin matsin hayaki ne ya cushe. Abubuwa biyar ke nan, kowanne da maganinsa dabam, kuma a cikinsu babu wanda sabuwar matata ke warkarwa.

Lambar da na'ura ke fitarwa koke ne, kamar majinyacin da ya ce wa likita kansa na ciwo. Tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga ƙananan motocin Amurka tun 1996, da tsarin J1939 na manyan motoci, an gina su ne domin kwamfutar mota ta faɗi inda awo ya fita daga iyakar da aka gindaya masa. Iyakarta ke nan. Ba ta ganin wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ba ta shinshina man da aka gauraya da kananzir, ba ta san direba yana barin injin yana aiki a tsaye rabin yini ba. Garejin da ya ɗauki lambar a matsayin hukunci ya mayar da bakanikensa mai ɗaure kusoshi, ya mayar da aljihun mai mota ɗakin gwaji.

Abin ya fi muni a ɓangaren mai. Injin dizal na zamani yana aiki da tsarin da Denso ya fara sa wa manyan motocin Hino a 1995, Bosch da Fiat kuma suka shigar da shi ƙananan motoci a 1997: famfo guda yana danna mai cikin bututun ƙarfe guda, nozul-nozul suna ɗiba daga ciki bisa umarnin kwamfuta. Matsin da ke cikin bututun a yau yakan kai bar 2,000 ko ya wuce, wato kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar motar gida. Idan matsin ya faɗi, lamba P0087 ce ke fitowa, kuma malalacin gareji nan take zai ce famfo ya mutu. Alhali toshewar filta tana jawo wannan lamba, haka iskar da ke kutsawa ta wani haɗi, haka raunin ƙaramin famfon da ke cikin tanki, haka nozul guda da ya gaji yana zubar da mai ta bututun komawa tanki. Gwajin da ke rarrabe su ba shi da tsada. A ɗaura wa kowane nozul 'yar kwalba mai ma'auni, a tayar da injin na ɗan lokaci, a duba wadda ta riga 'yan'uwanta cika. A kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu yayin da motar ke jan kaya a hanya. A ɗebi man tanki a kwalbar gilashi a ɗaga shi a haske. Aikin awa guda ne ko biyu, kuma shi ne ainihin sana'ar. Sauran duk sufana ne.

To, me ya sa ƙwararru, waɗanda kamfani ya horar ya ba su takardar shaida, suke tsallake wannan awa? Amsar tana ofishin biyan albashi. A yawancin garejin dillalai na Amurka ba a biyan bakanike bisa sa'o'in da ya shafe a wurin aiki. Akwai littafin da ya ƙayyade wa kowane aiki lokacinsa: canjin kaza awa uku, canjin kaza awa shida. Ya gama a biyu, a biya shi uku. Ya gama a biyar, ukun dai za a ba shi. Canza kaya yana da lokaci rubutacce, kuma hannun da ya saba yakan riga littafi. Bincike kuwa ba ya aunuwa haka. Wayar da ke yankewa sai mota ta yi zafi ta faɗa rami tana iya cin yini guda, abin da aka ware wa binciken kuma sau da yawa bai wuce awa guda ba. Idan aikin na garanti ne, wato kamfanin da ya ƙera motar ne zai biya, lokacin da ake bayarwa yakan gaza na wanda mai mota zai biya da kansa. Bakaniken da ya sayi kayan aikinsa da kuɗinsa, kamar yadda al'adar sana'ar take a can, yana da iyali kuma yana da bashi, ya san sarai cewa duk mintin da ya ɓata yana tunani sadaka ya yi. Tsarin yana hukunta mai haƙuri, yana saka wa mai canki-canki. Korafi a kan aikin da ba a biya yana cikin abubuwan da suka fitar da kanikawan dillalai kusan 2,000 yajin aiki a yankin Chicago a 2017, yajin da ya ɗauki kimanin mako bakwai.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ta wofi ba ce. Suna cewa biyan awa-awa yana haifar da jan ƙafa, mai mota kuma yana son ya san farashi kafin a taɓa motarsa. Suna ƙarawa da cewa manhajojin kamfanoni, irin su XENTRY na Mercedes-Benz da INSITE na Cummins da Techstream na Toyota, suna jagorantar bakanike mataki-mataki, don haka binciken ya riga ya zama rubutacce. Gaskiya ne manhajojin suna da amfani ƙwarai, wanda ya raina su ma bai san aiki ba. Sai dai injiniyan da ya rubuta matakan ya rubuta su ne yana ɗauka cewa man da ke tanki na kirki ne, wayoyin na asali ne, babu wanda ya huda shasi ya jona firij ko injin ɗaga kaya. Motocin haya kuwa kusan babu wadda ba a yi wa ƙari ba bayan ta bar masana'anta. Kuma matakan da yawa suna ƙarewa ne da umarnin a sa sabon kaya a sake gwadawa, abin da ke da sauƙi ga kamfanin da ke da rumbun kaya, amma yake karya ɗan kasuwar da mota guda ce jarinsa. Batun jan ƙafa kuwa aikin shugaban gareji ne ya sa ido a kai. Ba a magance lalacin mutum guda ta hanyar hana kowa tunani.

Labarin famfon Bosch CP4 ya nuna tsadar rashin tambayar dalili. An sa shi a injin Power Stroke mai lita 6.7 na Ford daga 2011, da Duramax na General Motors daga 2011 zuwa 2016, da Ram na 2019 da 2020, waɗanda aka yi wa kiranye sama da 200,000 a ƙarshen 2021 saboda shi. Man dizal ɗin da kansa ne ke shafe cikin wannan famfo, don haka idan man ya rasa santsi, ko ruwa ya shiga, ko iska, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Garin ƙarfen yana bin mai ya shiga bututu da nozul-nozul ya koma har tanki. Wanda ya canza famfo kaɗai ya kashe maciji bai sare kansa ba, domin ɓurɓushin da ya rage zai cinye sabon. Hanyar ganewa kuwa kusoshi biyu ce: a cire bawul ɗin awon mai da ke saman famfon, a duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a ragarsa. Minti kaɗan ne ke raba gyaran gaskiya da asarar da za a yi sau biyu.

Masu motoci ma ba su kuɓuta daga laifi ba. Mutumin da zai biya kuɗin turbo bai ce uffan ba, shi ne zai tayar da jijiyar wuya a kan kuɗin bincike, wai ai kwamfuta ce ta yi aikin. Ya fi yarda da abin da zai iya gani a cikin kwali. Garejin da ya gane haka sai ya daina rubuta kuɗin bincike, ya ɓoye shi cikin farashin kaya, ya kuma tabbatar cewa akwai kayan da za a canza ko da babu bukata. A tsarin rage gurɓataccen hayaki na SCR ana ganin wannan kullum. Lamba P20EE ta fito, allon motar ya fara ƙirga kilomitocin da suka rage kafin injin ya ƙi tashi, hankalin kowa ya tashi, sai a garzaya a canza sensa mai tsada. Ba a tsaya an ɗiga ruwan AdBlue a ma'auni an ga ko yuriyar da ke cikinsa ta kai kashi 32.5 cikin ɗari ba, ba a kuma kwance bakin feshinsa an ga ko farin gishiri ya daskare ya toshe shi ba.

Waɗannan motoci ba sa ƙare rayuwarsu a Turai. Da yawa suna sauka a tashoshin Kwatano da Legas da Tema, su gangaro Kano da Maraɗi da Kumasi, suna ɗauke da matata da sensa da aka ƙera domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wato ƙa'idar Tarayyar Turai tun 2009. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bayyana cewa ta samu man dizal a Afirka wanda farar wutarsa ta ninka ƙa'idar Turai har sau 378. A watan Disamba na shekarar, Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kodebuwa suka amince da rage iyakar zuwa kashi 50 cikin miliyan, ko da yake aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya a wasu daga cikinsu. Farar wuta tana kashe sinadaran da ke taimaka wa matata ƙonawa, baƙin man injin da bai dace ba kuma yana barin tokar da babu zafin da zai ƙone ta. A nan ma kalmar "a sa mata kwamfuta" ta zama tamkar laya: a karanta lamba, a goge ta, a karɓi kuɗi. Idan ta dawo, a fasa salansa a fitar da matatar, a toshe EGR, a sauya manhajar injin don fitilar ta daina ci. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Tiyon da ya tsage yana nan a tsage, nozul ɗin da ke ɗiga yana nan yana ɗiga a kan fistin, abin da aka kawar kawai shi ne mai kawo labari. Hayaƙin da matatar ke tarewa kuma yanzu yana shiga ƙirjin yaran mota da masu talla a tasha.

Tsohon bakaniken da ya girma a kan Marsandi 911 ko tsohuwar DAF, wanda ke sa dogon sukudireba a jikin injin ya kara kunnensa, ya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya don ya ji wace silinda ce ta yi shiru, ya fi mai goge lamba kusa da aikin da injin zamani ke nema. Dabarar tasa ta sassauta bututu ba ta halatta a injin mai bar 2,000, domin feshin man yana huda fata ya shiga nama, amma na'urar bincike tana yin gwajin nan ta hanyar kashe nozul ɗaya bayan ɗaya da maɓalli. Abin da ya wajaba a kan dillalai kuwa a fili yake. A ware kuɗin bincike a layinsa na kansa a takardar biya, a biya bakanike hakikanin lokacin da binciken ya ci, na garanti ne ko na mai mota. Kada a yi odar kayan da ya wuce wani farashi sai an rubuta awon da ya tabbatar da mutuwarsa: matsin da aka nema da wanda aka samu, yawan man da kowane nozul ya mayar, ƙarfin wutar da aka auna a bakin sensa. A kuma miƙa wa mai mota tsohon kayan tare da takardar, ya tafi da su gida.