Kafin a yi wa ɗan kokowa kari, a duba zuciyarsa

Ran 26 ga watan Yuni 2003, a birnin Liyon na Faransa, Kamaru tana karawa da Kolambiya. Cikin minti na 72, Marc-Vivien Foé ya faɗi a tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa shi. Ƙato ne majiyin ƙarfi, shekararsa 28. Bai sake tashi ba. Da likitoci suka bincika, sai suka tarar naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Zuciya tsoka ce. Wanda ke gudu ko kokowa kullum, zuciyarsa tana ƙara kauri kamar damtsen ɗan dako, kuma wannan lafiya ce. Amma akwai wani kauri na ciwo da ake gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. A ido duka ɗaya ne. Idan kaurin bangon zuciya ya kai milimita 13 zuwa 15, likita kansa yakan yi kokwanto, balle ga ƴan wasa baƙar fata, da aka lura tasu ta fi saurin yin kauri.

A nan ne injin da ake kira IRM ke raba gardama. Ana kwantar da mutum cikinsa, a ɗauki hoton zuciya tana bugawa, da ƙarfin maganaɗisu, ba da hasken radiyon ƙashi ba. Sau da yawa ana yin allurar wani ruwa a jijiya, sai tabon da ke ɓoye cikin naman zuciya ya fito fili. Irin wannan tabo yana iya rikita bugun zuciya ana tsakar wasa.

To, amma kada mu ruɗi kanmu. Injin nan tsada gare shi, sai manyan asibitoci, kuma ba da shi ake farawa ba. Italiya tun 1982 ta tilasta a auna ƴan wasa kafin su shiga gasa, da tambayoyi da ɗan injin da ke zana bugun zuciya a takarda. A jihar Beneto, mutuwar farat ɗaya ta ƴan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Wanda aka ga alamar shakka gare shi, shi ake turawa gaba, har zuwa IRM.

Mu a nan me muke yi? Lokacin gasar takobi, Alhazai suna ambaton kari a lasifika, wannan jika ɗari, wancan buhun shinkafa, wani ma babur. Madalla, mu ma muna jin daɗin faɗar sunayensu a rediyo. Amma muna ganin attajirin da ya ɗauki nauyin ɗan kokowa ko ƙungiyar balo ta unguwa, ya kamata ya fara biyan kuɗin awon zuciya. Idan likita ya ce sai IRM, a haɗa hannu a biya, kamar yadda ake adashi.

Wani zai ce ajali ne. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Ai kuma ba mu taɓa ganin ɗan kasuwa ya loda mota zuwa Agadas bai sa an duba injinta ba.

Ku kuma iyayenmu mata na kasuwa, tambayar farko a wurinku amsarta take. Ku kuka san ko yaro ya taɓa suma yana gudu, ko yana kukan ƙirji, ko akwai kawunsa da ya rasu kwatsam da ƙuruciya. Idan akwai, ku kai shi likita kafin ya koma fili, ku faɗi duka.