AMOSANIN JINI: LIKITOCI SUN YI NASU, SAURA HUKUMA

Kowace shekara ana haifar jarirai wajen 150,000 a Nijeriya ɗauke da cutar amosanin jini, watau sikila. Wannan shi ne ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 1996 da goma, watau 2006, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai tamu yawan masu wannan cuta. Da yawa daga cikin yaran nan ba su kai wa shekara biyar, suna mutuwa ba tare da an san abin da ya kashe su ba. A ƙasar Hausa in mace ta yi ta binne 'ya'ya a kan ce wabi ta ke yi, Yarbawa su ce abiku, Ibo su ce ogbanje. Masana suna ganin cewa wani kaso na waɗannan yara amosanin jini ne ya ɗauke su.

Cutar gado ce, ba sammu ba, ba kuwa aikin iska ba. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da irin cutar a jininsa, abin da likitoci ke rubuta wa AS, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Amma in mai AS ya auri mai AS, to, kowane ciki da matar ta ɗauka akwai hatsarin ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ƙwayoyin jan jinin irin wannan yaro su kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, sa'an nan su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya su kan yi kwana 120. Daga nan ne ake samun ƙarancin jini, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da azabar ciwon ƙashi wadda duk uwar da ta kwana tana jinyarta ba ta mantawa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, ilmin da za a ceci yaran nan da shi ya samu tuni. A shekarar 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba ƙananan yara masu cutar maganin fenisilin kullum yana rage musu kamuwa da mugun ciwon ƙwayoyin cuta da ke shiga jini da kashi 84 cikin 100. A shekarar 1998 kuma wani binciken ya tabbatar da cewa za a iya gane yaron da ke gab da shanyewar ɓarin jiki tun bai faɗi ba. Ana ɗora masa wata na'ura a gefen kai, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya yi yawa an san jijiyar ta tsuke. Irin waɗannan yara da aka riƙa yi wa ƙarin jini wata-wata, hatsarin ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ba a yi rigakafi ba, wajen yaro ɗaya cikin goma masu SS ya kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara 20.

To, amma ƙarin jini kowane wata dabara ce ta ƙasashe masu hali. A asibitocinmu jini ba ya wadatar ko da mata masu haihuwa da waɗanda suka yi hatsarin mota, balle a ce talaka zai riƙa nemo wa ɗansa leda guda duk wata har shekara da shekaru. Saboda haka likitocinmu suka nemi wata hanya, suka juya ga wani magani na haɗiya mai suna haidiroksiyuriya. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. An gwada shi a kan yara wajen 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, aka buga sakamakon a shekarar 2019: tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu da wajen rabi.

A nan gida kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi nasu binciken a kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'ura ta nuna suna cikin hatsari. Aka raba su gida biyu, waɗansu aka ba su ƙaramin awo na maganin, waɗansu matsakaici. Sakamakon da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa a duka ɓangarorin biyu kaɗan ne ƙwarai suka sami shanyewar ɓarin jiki, masu shan matsakaicin awo kuwa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Wannan aiki abin alfahari ne, a ƙasarmu aka yi shi, da hannun 'ya'yanmu, a kan cutar da ta fi damunmu. Ga shi kuma ana harhaɗa maganin a cikin ƙasar nan.

Mun san akwai iyayen da in suka ji kalmar gwaji sai gabansu ya faɗi, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya ƙunshi yara 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuwa nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Sai a shekarar 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan al'amari ya shuka yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a shekarar 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Darasin a nan shi ne a tsare ƙa'ida. Kada a taɓa ɗan kowa sai an yi wa iyayensa bayani da harshen da su ke ji, sun yarda ba tilas, kuma kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya sa hannu. Binciken da ya bi wannan hanya shi ne ya kawo mana alherin da muka ambata a sama.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi su yi abu huɗu. Na farko, a riƙa gwada jinin kowane jariri, ko ranar haihuwa ko ranar da aka kawo shi allurar rigakafi ta farko. Yanzu akwai gwajin da ɗigon jini ɗaya daga dunduniya ya isa, a ba da amsa cikin 'yan mintoci, ba sai da wutar lantarki ba. Na biyu, duk yaron da aka samu da cutar a rubuta sunansa, a ba shi fenisilin da maganin rigakafin zazzaɓi da gidan sauro da alluransa cikakku. Na uku, a sa na'urar auna gudun jinin ƙwaƙwalwa a kowane babban asibiti, a koya wa ma'aikata aiki da ita, a auna yara daga shekara 2 zuwa 16 sau ɗaya a shekara. Na huɗu, a ba da haidiroksiyuriya kyauta ko da rangwame, tare da gwajin jinin da ke tafiya da shi, domin magani ne da ba a sha sai da kulawar likita.

Waɗansu za su ce ina kuɗi? Mu kuwa sai mu tuna musu cewa a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a shekarar 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A ƙarshen shekarar 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani mai gyara ƙwayar halitta, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Ba wannan mu ke roƙo ba. Abin da mu ke nema ƙwayoyi ne masu araha da na'urar da za a iya ɗauka a hannu. Kuma kuɗin jinyar yaron da ɓarin jikinsa ya shanye, da karatunsa da ya tsaya, da sana'ar uwarsa da ta mutu, sun fi kuɗin rigakafin nesa ba kusa ba.

Jama'a ma akwai nasu. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin irin jini. Mun yaba da wannan, muna kuma fatan malamai da limamai da masu unguwanni za su taimaka a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin raba masoya bayan an sa rana abu ne mai wuya. Amma gwajin aure ba zai amfani yaran da aka riga aka haifa ba. Waɗannan suna nan a gidajenmu, daga Sakkwato har Sabon Ibadan, kuma kada a kira su ragwaye ko a yanke musu ƙauna, domin da kulawa suna girma, su yi karatu, su yi aure, su riƙe gida. Uwar da ta ga hannun jaririnta ya kumbura, ko idonsa ya yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi, ta garzaya asibiti ran nan, kada ta jira gobe.

Likitoci sun sauke nauyin da ke kansu, sun nuna abin da ke aiki da abin da aljihunmu zai iya ɗauka. Saura masu riƙe da baitulmali. Allah ya ba su ikon yi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.