Ƙwayar ciwon sanyi da muke sayarwa: riba yau, asara gobe

Duk wanda ya san Nima da Maamobi a birnin Accra ya san yadda ake sayen maganin fluconazole. Mace za ta aiki yaro kemis ya sayo mata ƙwaya ɗaya don ciwon sanyi, ba gwaji ba takardar likita, in ƙaiƙayi ya dawo ta sake aikawa. Mu da ke fataucin magani ta Aflao da Paga muna kallon wannan a matsayin ciniki, alhali kuwa rami muke haƙa wa kanmu.

Ƙwayar cutar da ake sha wa wannan magani dangin yis ce, ana kiranta Candida. Duk lokacin da aka sha maganin ba bisa ƙa'ida ba, raunanan cikinta ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. A 2009 aka gano wata 'yar uwarta, Candida auris, a kunnen wata majinyaciya a Japan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na irinta ba sa jin fluconazole. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin huɗu mafi haɗari a jerin cututtukan naman gwari, kuma a shekarar aka ba da rahoton ɓullarta a Nijeriya.

Da masana suka binciki ƙwayoyin halittarta, sai suka tarar ta kasu zuriya-zuriya: ta Kudancin Asiya, ta Gabashin Asiya, ta Afirka ta Kudu da ta Kudancin Amurka. 'Yan zuriya ɗaya kusan tagwaye ne ko da teku ya raba su, wanda hakan ke nuna mutane ne ke ɗaukarta daga asibiti zuwa asibiti. Ke nan ba ta san kwastan ba, hanyar da muke bi ita take bi.

Magungunan wannan cuta idan ta shiga jini rukuni uku ne kacal, fluconazole ne mai araha a cikinsu. Ranar da ya daina aiki, mai ciwon suga da jaririn bakwaini da ke kwance a Korle Bu su ne za su ɗanɗana kuɗarsu, kuma 'yan uwanmu ne.

Don haka, 'yan kasuwa, kada mu ɗauko maganin da ba shi da rajistar hukumar FDA ta Gana. Wadda ta dawo sau biyu da ƙorafi ɗaya, mu tura ta asibitin Maamobi a gwada ta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu gane.