Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Kuɗin Gwamnati da Binciken Cututtukan Zuciya, Huhu da Jini

Akwai cututtukan da likita ɗaya, kome gwanintarsa, ba zai iya gano kansu daga ɗakin duba marasa lafiya ba. Ciwon zuciya yakan yi shekara ashirin yana ginuwa kafin ya kayar da mai shi. Ciwon huhu yakan zo da fuskoki iri-iri. Cutar sikila kuwa, watau amosanin jini, gadonta ake yi, kuma yadda take wahalar da wannan yaro dabam yake da yadda take wahalar da wancan. Kafin a tabbatar da cewa wani magani yana aiki a kan irin waɗannan, sai an tara ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya daga asibitoci da yawa, a bi su shekara da shekaru bisa ƙa'ida guda. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babu aljihun da zai ɗauki wannan nauyi sai na Gwamnati, kuma ƙasar da ta bar wa wata ƙasa wannan aiki ta bar mata zaɓen cutar da za a bincika.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Amurka. A 1948 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Zuciya ta Ƙasa. An haɗa mata da huhu a 1969, kana a 1976 ta zama Cibiyar Zuciya da Huhu da Jini, ɗaya daga cikin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ake kira NIH. Kasafinta na 2023 ya kai kusan dala biliyan 4, kuma mafi yawansa raba shi ake yi wa jami'o'i da asibitoci. A shekarar da aka kafa ta aka soma bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na jihar Massachusetts, daga baya aka ci gaba da 'ya'yansu da jikokinsu. Daga wannan aiki ne duniya ta sami tabbacin cewa hawan jini da yawan kitse a jini da shan taba suna share wa ciwon zuciya hanya. Lalle babu ɗan kasuwar da zai zuba jari yana jiran amsar da sai bayan shekara goma sha za ta fito.

Daɗin daɗawa, sau da yawa amsar da ake samu ba abin sayarwa ba ce. A shekara ta 2000 aka buga sakamakon wani gwaji inda wasu cibiyoyin jami'o'i goma suka haɗa kai, da kuɗin wannan cibiya, suka gwada mutum 861 da huhunsu ya kasa har aka sa musu na'urar numfashi. Sai aka ga cewa idan aka rage yawan iskar da na'urar ke turawa a kowane numfashi, mace-mace suna sauka daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 31. Abin da ya canza kawai shi ne lambar da ake saita na'ura a kai. Wane kamfani ne zai biya kuɗin gano abin da ba zai iya sawa a kwalba ba?

Haka labarin yake a wajen sikila. Bayan dokar yaƙi da ita ta 1972, cibiyar ta riƙa haɗa asibitoci a kan tambaya guda. A 1986 aka nuna cewa ba ƙananan yara masu sikila penisilin kullum yana rage munanan cututtukan da ke kashe su da kashi 84 cikin ɗari. A 1995 aka tsayar da wani gwaji na mutum 299 a cibiyoyi 21 kafin wa'adinsa ya cika, domin ta bayyana cewa maganin haidroksiyuriya yana rage tashin ciwon da kusan rabi. A 1998 kuma aka tabbatar da cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro, aka riƙa yi wa wanda ke cikin haɗari ƙarin jini a kai a kai, shanyewar ɓarin jiki tana raguwa da kimanin kashi 90. Penisilin da haidroksiyuriya duka tsofaffin magunguna ne masu araha, babu wata babbar riba a gwada su.

A nan ne zancen ya iso gida, gama babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar. Amma amsar da aka samu a Amurka ba kullum take zama daidai ba, domin ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyaye da ma'ajiyar jinin asibitoci. Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna suka haɗa gwiwa da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada haidroksiyuriya a kan yara 220 da ke cikin haɗarin shanyewar jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙaramin kaso na maganin ma yana iya zama abin dogaro a inda ƙarin jini ba ya samuwa. Aiki ne abin yabo, sai dai kuɗinsa daga NIH ya fito. Haka kuma haɗakar binciken sikila da aka kafa a 2017 tsakanin Ghana da Nijeriya da Tanzaniya, Cibiyar Zuciya da Huhu da Jini ce ta ɗauki nauyinta.

Hausawa suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. A 2025 Gwamnatin Amurka ta soke tallafin bincike masu yawa, ta kuma dakatar da tsarin da jami'o'inta ke bi wajen raba kuɗin tallafi da abokan aikinsu na ƙetare. Mai kuɗi yana da ikon sauya ra'ayi, amma yaron da aka soma bin lafiyarsa ba zai iya jira ba, kuma rajistar da aka yanke a tsakiya ta yi asarar darajarta. Har ila yau akwai cututtukan da baƙo ba zai damu da su kamar ɗan gida ba. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka zargi kunun kanwa da gashin jego. Bincike na baya a Kano ya karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam. Tambaya ce da ta shafi uwa a kowace unguwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wani zai ce ƙasar da asibitocinta ba su da isassun gadaje da magani ba ta da hurumin zancen bincike. Maganar tana da nauyi. Amma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi bukatar sanin inda zai sa kwabonsa, kuma binciken Kano ya nuna yadda tambaya guda da aka amsa da kyau take sauƙaƙa wa iyaye da asibiti ɗawainiya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, a Bamako kuma a 2008 aka yi kira da a ba bincike kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatun lafiya. Ma'auni yana nan, cikawa ce ta rage.

Abin da ya kamata shi ne, Gwamnatin Tarayya ta keɓe wani kaso na Asusun Bincike na TETFund domin waɗannan cututtuka uku, da sharaɗin cewa ba za a ba jami'a ɗaya tilo ba sai asibitocin koyarwa da suka haɗu a kan tambaya guda, kamar na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri tare da takwarorinsu na kudu. A ba da kuɗin na shekara biyar ko goma a jere, masana su tace buƙatun, a kuma wajabta buga sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Idan aka yi haka, taimakon waje zai zo ya tarar da jinka a hannun masu gida, ya sa nasa hannun a ɗaga tare.