Ƙwai Mai Laushi: A Duba Kaskon Abinci Kafin A Ɗura Wa Kaza Kafso

A gidaje da yawa na Arewa, ranar da uwargida ta leƙa akurki ta tarar da ƙwai marar ɓawo, mai tauɓar-tauɓar kamar an ƙulla ruwa a leda, abin da ake fara yi shi ne a aiki yaro kemis ya sayo kafso, a buɗe a zuba wa kajin a ruwan sha. Wani lokaci a haɗa da barkono ko maɗaci. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta kazar lafiyarta ƙalau, yunwa ce irin wadda ido ba ya gani ke damunta. Mun sauya irin kajin da muke kiwo a tsakar gida, mun cika akurki da kajin agirik masu yawan ƙwai, amma abin da muke zuba musu har gobe shi ne abin da kakanninmu ke watsa wa kajin Hausa: dusa, tsaki da ragowar tuwo.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ɓawon ƙwai kusan gaba ɗayansa, wajen kashi 95 cikin ɗari, sinadari ɗaya ne da na alli da katantanwa, kuma kowane ɓawo guda yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam. Jikin kaza ba ya tatse duk abin da ta ci, saboda haka mai yin ƙwai kullum tana buƙatar wajen giram 4 a rana. To, kilo guda na masara kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, dawa da gero ma ba su yi mata nisa ba. Ke nan in da masara kaɗai za ta dogara, sai ta cinye kusan kilo 20 a yini, alhali cikinta bai ɗaukar fiye da giram 110 zuwa 120. Dusa kuwa, wadda muka ɗauka ita ce abincin kaji, tana cika ciki ne kawai ta wannan fuska. Shi ya sa abincin kajin ƙwai na kamfani ake sa masa kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, na 'yan tsaki kuma kusan kashi 1.

Ita kaza ba ta daina ƙwai nan take don an hana ta. Ƙwai guda yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kuma wajen awa 20 daga ciki ana gina ɓawo ne, galibi cikin dare, lokacin da ba ta cin komai. In hanjinta babu abin ɗauka, sai jikin ya koma kan ƙashinta ya ci bashi. Allah Ya yi mata wani ɗan rumbu a cikin dogayen ƙasusuwa wanda ke cika kwanaki kaɗan kafin ta fara ƙwai, amma duk kalsiyam ɗin jikinta bai fi na ƙwai goma zuwa goma sha biyu ba. Rumbun na ƙarewa sai ɓawo ya fara sirancewa, yana fashewa a kiret tun kafin a kai kasuwa, daga nan ƙwan ya fito da fata zalla, a ƙarshe kazar ta gurfana ta kasa tashi. A nan ne masu ita ke cewa sanyi ya kama ta, a nemo wuƙa.

Na san abin da dattawa za su ce: mun tashi mun ga kaji suna ƙwai suna ƙyanƙyashewa, ba wanda ya taɓa sayo musu dutse. Gaskiya ne, sai dai waccan kazar daban, wannan daban. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma ko sha biyu ta hau kwanci, ta yi makonni tana yawo da 'ya'ya, a shekara da wuya ta haura ƙwai sittin, kuma a tsakanin nan ƙashinta yana mayar da abin da ya rasa. Tana kuma yini a juji da bayan gida tana tonon gara, ƙwari, ɓurɓushin ƙashi da katantanwa. Kajin da ake saya yanzu, irin su ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar, da sauran jajayen kajin gidan gona, an ƙirƙiro su ne don su yi ƙwai kusan kullum, sama da 250 a shekara, ba kwanci ba hutu. Ga shi kuma gidajen birni an shafe su da siminti, kazar tana kulle a keji saboda ɓarayi da maƙwabta. Inda kejin ke lungun da rana ba ta shiga, matsalar ta ninku, domin sai da bitamin D hanji ke iya ɗaukar kalsiyam, hasken rana kuwa shi ke sa jiki ya samar da shi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato tsadar abincin kaji, kuma ba mai musun ta. Amma abin da ya ɓace daga kaskon shi ne mafi arha a cikin kayan haɗin duka. Dutsen farar ƙasa da masu sayar da kayan abincin kaji ke kira laimiston, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kalsiyam ne, giram 10 ya ishi kaza guda a rana. Buhu mai kilo 50 zai kai kaji goma sama da shekara. Ƙasashen da ke haƙo wannan dutse a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gwambe, da Malbaza a Nijar, ana loda shi zuwa tandun siminti, bai kamata a ce kajinsu suna karyewa don rashinsa ba. Wanda ko wannan ya gagare shi, ga teburin mai shayi nan, kowace safiya ana zubar da tulin ɓawo a bola. A karɓo, a tafasa ko a gasa a kasko don kashe ƙwayoyin cuta, a daka. Masu tsoron kada kaza ta koyi fasa ƙwanta su kwantar da hankali, in an daka ba ta gane shi. Hasali ma ƙwan da ya fashe a akurki saboda rashin ƙwarin ɓawo shi ke koya mata wannan mugun hali.

Dakan ma da dabara. Kada a mayar da shi gari lis, a bar shi tsaki-tsaki kamar ƙwayar dawa, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare, kuma ya fi amfani in ta ci da la'asar. A zuba shi a kasko daban, mai buƙata za ta je da kanta. In aka cakuɗa shi cikin abincin kowa da kowa, 'yan tsaki da zakaru za su ci fiye da kima, ƙodarsu ta lalace. Kanwa ba ta maye gurbinsa, gishiri ce ta wani jinsin daban. Tsakuwa niƙa kawai take taya ƙundu. Siminti da farar ƙasar shafe bango kuwa ƙuna ne ga maƙogwaron kaza.

Ban ce kowane ƙwai mai laushi daga abinci yake ba. Budurwar kaza da ta fara ƙwai takan yi kuskure sau ɗaya ko biyu, tsohuwa kuma ƙwanta na ƙara girma ɓawon na ƙara siranta. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kaza na rage ci, hakin da take yi kuma yana fitar da iskar da jiki ke haɗa ɓawo da ita, don haka inuwa da ruwa mai sanyi suna cikin magani. Akwai kuma cututtuka, irin su Newcastle da mashaƙon kaji, masu lalata ɓawo. Amma waɗannan ba sa ɓuya: za a ga tari, zawo, murɗewar wuya, ƙwai ya ragu lokaci guda, wasu su mutu. Su ma kafso ba ya kashe su, tun da bairos ne ke kawo su. Rigakafi ne kariyarsu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin na Newcastle. Ta kowace fuska dai kafso bai da gurbi a nan, sai ma ragowarsa da ke bin ƙwan zuwa cikin yaran gida.

Ina kira ga malaman gona, da masu shirye-shiryen noma a rediyo, da ƙungiyoyin da ke raba wa mata kaji da sunan tallafi: duk inda za a miƙa wa mace kaji goma, a haɗa mata da mudun laimiston, a kuma gaya mata da Hausa abin da za ta yi da shi.