Bishiyar Kirsimeti: Ni Dai Ta Gona Nake Saye

Da zarar Disamba ta kama, wani filin ajiye motoci da ke unguwarmu a nan yammacin Jamus yakan koma kasuwar bishiya. A kewaye shi da shingen ƙarfe, a jingine bishiyoyi ɗaruruwa, kowace da ƙyalle mai launi a samanta da ke nuna tsayi da farashi. Can nake zuwa duk shekara in sayo ɗanya, mai ƙaro da ƙamshin daji, ba ta roba ba. Da yayana da ke Zariya ya ga hotonta a falona, sai ya bugo waya yana faɗa: "Haba ƙanwata, wato ke ma kin shiga sahun masu saran itace? Mu nan hamada na cin mu, ku kuna kayar da bishiya don bikin mako biyu?"

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ga yadda motocin gawayi da na itacen girki ke fitowa daga dazukanmu, dole gabansa ya faɗi idan ya ji cewa Jamusawa kaɗai suna sayen bishiyar Kirsimeti sama da miliyan 20 a shekara. Sai dai abin da ya kamata a sani shi ne, galibin waɗannan bishiyoyi ba daga daji ake saro su ba. Amfanin gona ne. Akwai mai shuka su, ya yi musu noma, ya datse rassansu don su yi siffa, ya jira shekara takwas zuwa goma sha biyu kafin su kai mita biyu, ya sare, ya sake dasa wasu a gurbinsu. Yankin Sauerland, a jihar da nake zaune, shi ne kan gaba a wannan noma a Jamus, Denmak kuma ita ce babbar mai fitar da su zuwa sauran ƙasashen Turai. In kowa ya daina saye gobe, manomin ba zai bar su su zama kurmi ba; wani abu zai shuka.

Ba ina cewa sana'ar ba ta da aibi ba ne. Irin da aka fi so, wanda ake kira Nordmann, asalinsa daga tsaunukan Kokeshiya ne, kuma har yau yawancin ƙwayar irin daga ƙasar Jojiya ake samo shi, inda talakawa ke hawa can ƙololuwar dogayen bishiyoyi su tsinko 'ya'yan, aikin sai da rai a kan lada ƙalilan. Gonaki da yawa suna feshin maganin ciyawa da na ƙwari. Bayan guguwar Kyrill ta 2007 ta kwantar da dazuka a Sauerland, an mayar da filaye masu yawa gonakin bishiyar Kirsimeti maimakon a maido da dajin, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a yankin. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne mutum ya san daga wajen wa yake saye, ba ya gudu ya rungumi ta roba yana ganin ya wanke hannunsa ba.

Ita ta robar ai daga man fetur da ƙarfe aka ƙera ta, akasari a masana'antun ƙasar Sin, ta ƙetaro teku a jirgin ruwa. Ƙungiyar Carbon Trust ta Ingila ta yi lissafin cewa sai an yi amfani da ita wajen shekara goma kafin hayaƙin da ƙera ta ya fitar ya yi daidai da na sayen ɗanya duk shekara. Wanda zai iya riƙe tasa haka, Allah ya ba shi lada. Amma ranar da aka gaji da ita, ba ta ruɓewa, ba ta zama taki, sai dai ta tafi bola da ƙafafunta uku.

Sayen ɗanya kuwa kamar sayen ragon layya ne: ba a aike, kuma ba a gaggawa. Mai sayarwa, wani dattijo mai kauri da safar hannu baƙa ƙirin saboda ƙaro, zai ɗago miki bishiya ya tsayar, ya juya ta a hankali, ya karkatar da ɓarin da ya fi kyau wajenki. To ke ki zagaya bayanta, don can ramin yake. Ki ce ya ɗaga ta ya buga gindin a ƙasa. In siraran ganyen suka zubo da yawa, an daɗe da sare ta. Ki duba inda zarto ya ci: fari ne mai danshi, ko ya yi toka-toka ya bushe? Ki shafa reshe daga ciki zuwa waje ki ga abin da zai rage a tafin hannunki. Nordmann tana da laushi, ba ta suka, ba ta saurin zubar da ganye, amma ƙamshinta kaɗan ne. Wadda suke kira Fichte ta fi araha, ta fi cika gida da ƙamshi, amma kafin sabuwar shekara kin fara shara safe da yamma. Farashin da mita ake yin sa, Nordmann tana kaiwa Yuro 20 zuwa 30 kowace mita, kuma Bajamushe ba ya son ciniki. In na ce masa "Ba ragi?" sai ya yi dariya ya ce ragin da zai iya yi shi ne ya gyara mini gindin kyauta. Daga nan ya cusa ta cikin wani mazurarin ƙarfe mai faɗin baki, ta fito ta ɗaya ɓangaren a naɗe cikin raga, ta tsuke kamar ba ita ba.

Abu ɗaya da ba a zuwa kasuwar nan ba tare da shi ba shi ne awon silin ɗin falo. A fili, ƙarƙashin sama, kowace bishiya ƙarama ce.

In an kawo ta gida, ba a shigar da ita ɗaki nan take. Ta fito daga sanyi, sai a bar ta a baranda cikin ragarta, gindin a bokitin ruwa, ta kwana ɗaya ko biyu. Ranar kafawa a yanke santimita biyu ko uku daga gindin, domin ƙaro ya riga ya toshe tsohon yankan, ba za ta iya shan ruwa ta nan ba. Kada a fere ɓawon don ta shiga mazauni, ta ƙarƙashin ɓawon take jan ruwa. Mazaunin da aka fi amfani da shi a nan wata tukunya ce mai nauyi, mai farata a ciki da feda a gefe. Kina taka fedar, igiyar ƙarfe na jan faratan suna damƙe gindin. Wani manomi ɗan jihar Bavariya, Klaus Krinner, ya ƙirƙiro shi, kuma na tabbata ya hana ma'aurata da yawa faɗa. Duk da haka aikin mutum biyu ne. Maigida yana riƙe da ita, fuskarsa a cikin rassa, ni ina bakin ƙofa ina cewa, "Baban yara, dama kaɗan. A'a, ka zarce. Dawo hagu." Shi kuma yana cewa, "Ke dai ki ce ta miƙe mu huta." Sai ta tsaya sannan a tsaga ragar daga ƙasa zuwa sama, a bar ta ta kwana rassan su sauko kafin a rataya mata komai.

Daga nan sai ruwa. A kwanakin farko tana iya shanye lita ɗaya zuwa biyu a yini, kuma in tukunyar ta ƙafe sau ɗaya, gindin ya sake toshewa. A nisanta ta da hitar ɗaki. Busasshiyar bishiya a falo wuta ce mai jiran ashana, shi ya sa ba na tare da maƙwabciyata, wata tsohuwa da har yau kyandir na kakin zuma take kunnawa a kan rassan, da bokitin ruwa a gefen kujerarta. Na shiga na gani ranar jajiberi, kuma wallahi abin da kyau. Amma ni mai yara ƙanana, ƙananan fitilun lantarki sun ishe ni.

Kada wani ya ɗauka wannan wajibi ne na addini. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a kafa bishiya don haihuwar Almasihu. Al'ada ce ta masu jin Jamusanci. Ɗaya daga tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambace ta na garin Sélestat ne a yankin Alsace, a 1521. Ingila ba ta rungume ta sosai ba sai bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu a gaban bishiya a 1848. Mu da muka tashi a Wusasa, Kirsimetinmu sabon ɗinki ne, da kitso, da shinkafa da miyar kaji, da cincin, da yara ɗauke da kwanuka ana kai wa maƙwabta Musulmi, su ma su rama da Sallah. Ba mu rasa komai ba. Shi ya sa idan na ga hoton bishiyar roba a shagunan Kaduna ko Jos, an manna mata auduga wai dusar ƙanƙara, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, ba ta burge ni. A can ba a noma ta, ba ta da gindi a ƙasar, kuma ba zan taɓa ba wani shawarar ya sare ko da reshen darbejiya don kwaikwayon Turawa ba. A nan kuwa, inda rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, itatuwa duk sun kaɗe, 'ya'yana kuma suna ganin ta a gidan kowane abokin karatunsu, na fahimci abin da ya sa mutane suke son koren abu mai rai a cikin ɗaki.

Bayan 6 ga Janairu ake kwance mata ado. Hukumar shara ta gari tana fitar da ranakun kwasa unguwa-unguwa, a ajiye su a bakin titi, mota ta zo ta ɗebe, a niƙa su a yi taki ko a ƙona a samar da wuta da ɗumi. Waɗanda suka yi kwantai a hannun 'yan kasuwa, wasu gidajen namun daji, irin na Balin, suna karɓa su ba giwaye su ci.

'Yan'uwana da ke zaune a Turai, in za ku saya bana, ku tambayi mai sayarwa gonar da ta fito da ranar da aka sare ta. In ya kasa faɗa, ku wuce gaba.