Daga mai tsaron burodi zuwa mai karɓar haya: Tarihin kalmar "lord"

Duk wanda ya taɓa zama a babbar kotu a Najeriya ya ga lauya ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce wa alƙali "my lord". Ko mace ce a kan kujerar, haka ake ce mata. Ɗan makaranta ya haddace sunan Lord Lugard tun yana firamare. Ga kuma ɗan haya da gabansa ke faɗuwa da zarar an ce masa "landlord" na sallama a ƙofa. Kalma ɗaya ce ke yawo a wuraren nan uku, kuma idan aka bi sawunta, a bakin rumbu za a tsaya.

A tsohon Turanci, wanda mutanen Ingila suka yi magana da shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kalmar ita ce "hlafweard". "Hlaf" burodi ke nan, "weard" kuma mai tsaro. Wato mai tsaron burodi, mutumin da abincin gida ke hannunsa. Yau da gobe baki ya yi ta gutsurar kalmar, ta koma "hlaford", ta koma "loverd", har ta tsaya a "lord". Abokiyar tafiyarta "lady" ma daga nan ta fito: "hlaefdige", mai kwaɓa burodi.

Akwai ta uku da ba a cika ambata ba, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina: "hlafaeta", mai cin burodi, wato bara ko yaron gida. Tana cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600, inda aka yanke diyyar sule 6 na kuɗinsu na lokacin ga wanda ya kashe "mai cin burodin" wani talaka. Ashe ko talaka yana iya zama mai tsaron burodi, matuƙar akwai bakin da ke ci a ƙarƙashinsa. Kalmomi uku ke nan a gida ɗaya. Biyu sun hau sun zama sarauta, ta ukun ta mutu, babu wanda ke furta ta yau.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari. Muna da maigida, da uwargida, da ubangida, da yaron gida. Ita kanta kalmar Ubangiji daga "uban giji" take, wato uban gida, har a da ana cewa ubangijin bawa. Turawa ma irin wannan hanya suka bi: da za su fassara littafin addininsu daga Latin, kalmar maigidansu suka ɗauka, kuma ita ce masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci ke sakawa a gurbin "Rabbi" har gobe.

Kada dai a ɗauka wancan tsohon zamanin aljanna ce. Mai riƙe da abinci shi ke riƙe da wuyan mutane, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka ci burodin maigida, ka yi masa noma, ka bi shi yaƙi. Amma igiyar ta ɗaure ɓangarori biyu. Sunan da kansa yana tuna wa mai shi cewa akwai cikin da ke jiran sa.

Bayan Normandawa sun ƙetaro daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sun zo da nasu sunayen sarautu, amma "lord" ta tsira. Sai dai ta ƙara manne wa mai ƙasa, wanda manoma ke zaune a gonakinsa suna yi masa aiki. A wurare da yawa ma an wajabta wa talaka ya kai hatsinsa maniƙar mai ƙasa, a niƙa masa, a cire wani kaso.

Abin da ya faru a garin St Albans, arewa da Landan, ya isa misali. Shugaban gidan ibadar garin shi ne ubangidan ƙasar. Mutane suka riƙa niƙa hatsinsu a gida da dutsen niƙa don su huta da biyan kason. A shekarun 1330 aka ƙwace duwatsun, aka daɓe wani ɗaki na gidan ibadar da su, ana takawa. Mutanen garin ba su manta ba. Da boren talakawa ya tashi a 1381, suka kutsa ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa, kowa ya tafi gida da ɗan gutsure. Wajen shekara 50 suna riƙe da abin a rai.

Mafi muni shi ne na Ailan. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, kusan wasu miliyan ɗaya suka yi hijira. A cikin wannan hali jiragen ruwa ba su fasa fita da hatsi da dabbobi daga ƙasar ba, masu gonaki da yawa kuma suna korar manoman da suka kasa biyan haya. Sunan masu korar "landlord". Burodin na nan ɓoye a cikin sunan, amma babu mai jin ƙamshinsa.

Mu kuma ta hannun mulkin mallaka ta iso mana. Gwamna Lugga, wanda dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, bai zama "lord" ba sai a 1928, ya daɗe da barin ƙasar nan. Lokacin da ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, "Sir" yake amsawa, ko da yake littattafan makaranta sun saba naɗa shi tun kafin ranar naɗin. A daidai wannan lokaci ne yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta yi wa Arewa ɓarna, kuma ba a daina karɓar haraji ba.

A gidanta na asali, kalmar sai ƙara zama ta ado take yi. Dokar 1958 ta ba da damar naɗa mutum a Majalisar Dattawan Birtaniya na tsawon rayuwarsa kawai, ba tare da ɗansa ya gada ba, ta kuma buɗe wa mata ƙofa. A 1999 aka sallami mafi yawan masu gadon kujera, aka bar 92. A 2009 aka cire aikin shari'a daga majalisar aka miƙa wa sabuwar Kotun Ƙoli. A Indiya, majalisar lauyoyi ta yanke a 2006 cewa a daina ce wa alƙalai "my lord" tunda ragowar mulkin mallaka ce, amma baki ya riga ya saba, har yanzu ana jin ta a kotunansu.

Masana harshe za su ce asalin kalma ba shi ke yanke ma'anarta ba, masu magana da ita ne. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu ganin cewa ranar da lauyoyinmu suka daina faɗin "my lord" shari'ar da ta shekara 10 za ta ƙare da wuri. Mu da muke cewa "ya mai shari'a" a kotunanmu na Hausa ma ba mu tsira daga ɗage zama ba.

Inda nake da ja shi ne sabon gidan da aka kai kalmar. Jaridunmu na Turanci sun ɗauki ɗabi'ar kiran shugabannin 'yan bindiga "warlord". Ko da marubucin bai nufa ba, kunnen mai karatu sarauta yake ji, kuma abin da waɗannan mutane ke nema ke nan: a ɗauke su masu ƙasa, a zauna da su kamar hakimai. Mutumin da ke sa wa ƙauye kuɗi kafin a yi shuka, ya sake sa wani kafin a yi girbi, in an kasa biya ya cinna wa rumbu wuta, ya fi shugaban St Albans nisa da ma'anar farko. Manomin Zamfara ko Katsina da aka karɓe wa kuɗin girbi bai taɓa rikicewa kan sunansa ba, ɓarawon daji yake ce masa, kuma Turanci bai rasa kalmar ɓarawo ba da editocinmu za su ce dole sai wannan.